Daga Suame Zuwa Tamale A Tsohuwar 207

Duk motar da za ta bar Kumasi ta nufi arewa ta hanyar Techiman, sai ta ratsa Suame. Da ka wuce babban shataletalen, kafin idonka ya ga komai kunnenka ya riga ya ji: guduma a kan ƙarfe, ƙarar na'urar walda, can kuma wani direba yana taka totur domin makanike ya saurara. Wannan ita ce unguwar da ake kira Suame Magazin, ɗaya daga cikin manyan matattarar masu gyaran mota a Afirka baki ɗaya. Ana ƙiyasta masu neman abinci a cikinta sun kai mutum 200,000. Sunan Magazin ya samo asali ne daga ma'ajiyar makaman sojan Turawan mulkin mallaka, wadda masu gyara na farko suka kafa rumfunansu kusa da ita a cikin gari. Da aka dawo da su nan, sai sunan ya biyo su.

Ƙasar wurin baƙa ce wuluk saboda baƙin man da ta sha shekara da shekaru. Kowane layi da sana'arsa. Akwai masu nika kirankishaf, masu ɗinkin kujeru, masu lagireto, masu sifirin, masu narka tsohon ƙarfe su zuba sabon abu, da masu sayar da kayan gyaran da aka kwance daga motocin Turai, wanda mutanen Gana ke ce wa hom-yus, mu kuma can gida mu ce na Baljiyam ko na Kwatano. Za ka ji Tiwi, ka ji Dagbanli, ka ji Farafara, amma in ka yi sallama da Hausa da wuya a rasa mai amsa maka, domin yaran Aboabo da Asawase da Sabon Zango sun cika garejin.

Abin da ya kai ni can ciniki ne na gida. Ni goro da takalman roba nake kaiwa arewa, ƙanin matata kuwa direba ne da ya gaji da tuƙa motar mutane. Muka haɗa kuɗi, har da na adashin yayarsa, domin mu sayi motar ɗaukar kaya tamu ta kanmu. Abin da aljihunmu ya iya kaiwa shi ne tsohuwar Benz ɗin nan mai gajeren hanci da kowa a Gana ke kira 207. Ranar da uwargida ta ji shekarun motar sai ta riƙe haɓa.

“Maigida, motar da ta girmi ɗanmu na fari? A cikinta za ku zuba mini adashin shekara biyu?”

Tambayarta tana kan hanya. Shi ya sa muka yi sharaɗi da mai motar cewa ba za mu cika kuɗi ba sai wani dattijon makanike da muka yarda da shi ya duba ta.

Ga wanda bai san ta ba, kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera irin wannan mota a Jamus daga 1977 zuwa 1995, kafin Sprinter ta gaje ta. Lambar da ke jikinta tana da ma'ana: 2 ajin nauyinta ne, 07 na nufin ƙarfinta ya kusa doki 70, harafin D kuma dizal. Injin da ke cikin ta asali sunansa OM616, silinda huɗu, lita 2.4, shi ne kuma a cikin ƙaramar motar nan 240D da ta daɗe tana aikin tasi tsakanin garuruwan Maroko. Daga baya an yi masu silinda biyar, a ƙarshen shekarun 1980 kuma aka sauya zuwa OM601 da OM602, amma a tasha duk 207 ake ce musu. Wani direban tasi ɗan ƙasar Girka mai suna Gregorios Sachinidis ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da 240D ɗinsa, kafin a kai ta gidan tarihin kamfanin a 2004. Masu ba da wannan labari a tasha sukan manta da rabinsa: an sha sauke injin ana yi masa aiki, ana musanya shi da wani. Kulawa ce ta kai motar can.

Masta, kamar yadda yaransa ke kiransa, bai yarda a kawo masa motar da rana ba. Ya ce a kawo ta da yamma ta kwana a garejinsa, kada kowa ya taɓa makulli sai ya zo da safe.

“Alhaji, injin da ya yi zafi ya iya ƙarya,” in ji shi. “Mai sanyi ne yake faɗin gaskiya.”

Dalilinsa shi ne injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi kamar na fetur. Iska yake matsewa, kusan ninki 21, har ta yi zafin da in an fesa mata mai sai ya kama da kansa. In ringi sun cinye ko bawul ba ya rufewa da kyau, matsin ya ragu, da safe sai an yi ta fama kafin ya tashi. Mai son rabuwa da irin wannan mota yakan ɗumama ta kafin mai saye ya iso.

Da gari ya waye Masta ya murɗa makulli rabi, ya jira hita ta gama aikinta, sannan ya tayar. Ta kama a bugu ɗaya, ta ɗan yi farin hayaƙi kaɗan, ya ɗauke. Ya bar ta ta ɗumama, sai ya kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ya ɗora shi a bakin ramin ba tare da ya ɗaure ba. Murfin ya ɗan yi rawa a wurinsa, bai yi tsalle ya faɗi ba. Ya ce da iskar da ke sulalewa ta gefen fistin ta yi yawa, da ta cilla shi ƙasa. Tun da sanyi ya riga ya buɗe lagireto ya leƙa ko akwai kumfa ko maiƙo a saman ruwan, alamar gasket ya ƙone. Babu. Sai ya koma baya ya tsuguna wajen salansa, ya sa yaro ya taka totur.

A nan ya karanta mana hayaƙi kamar mai karanta wasiƙa. Baƙi, in ji shi, mai ne ya fi ƙarfin iska: ko matatar iska ta toshe, ko nozul sun lalace, ko wani ya ƙara wa famfo mai. Shuɗi kuwa baƙin mai ne injin ke ƙonawa. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan an ɗumama, ko mai ne ba ya ƙonewa, ko ruwa na shiga inda bai kamata ba. Tamu tana ɗan baƙi in an taka. Ya ce wannan mai sauƙi ne, a saya.

Kwana uku muka yi muna zirga-zirga tsakanin Aboabo da Suame. Aikin farko saitin bawul. Wannan injin ba ya saita kansa, kuma da tafiya ta yi tafiya ratar bawul ɗinsa matsewa take yi, har ya daina rufewa sosai. Da lanƙwasassun sifana masu lamba 14 da siraran ƙarafan awo, ya mayar da na shigar iska milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.30, injin yana sanyi. Ya ce a maimaita duk bayan kilomita 20,000, kuma yawancin motocin da ake kawo masa da sunan injin ya mutu, wannan aikin na awa ɗaya ne aka shekara biyar ba a yi ba. Tunda murfin na buɗe, ya duba sarƙar da ke haɗa sama da ƙasan injin. Sarƙa ce ta ƙarfe, ba bel ba, ba ta saurin tsinkewa, amma tana miƙewa da tsufa, in ta miƙe kuma lokacin fesa mai ya goce.

Nozul huɗun aka kai layin masu famfo. Can wani saurayi ya ɗaura kowanne a na'urar gwaji, yana danna hannu yana kallon agogo. Ya kamata kowanne ya buɗe wajen ba 115, ya fesa mai kamar hazo. Biyu suna yin haka, biyu kuwa tsiyaya suke yi kamar tulu mai tsaga. Aka sauya bakinsu. Ƙanin matata ya matso kusa da Masta ya rage murya.

“Baba, tunda an zo nan, a ɗan ƙara mata mai mana, ta riƙa jan tudu.”

Dattijon ya kalle shi ta saman tabarau.

“Yaro, jaki ka saya. In doki kake so, koma kasuwa. In na buɗe mata mai, za ka ji daɗi wata uku, hayaƙi ya rufe na bayanka, zafi ya tsaga maka kan injin. Sannan ka dawo ka ce Masta ya cuce ka.”

Ya kuma tarar an cire tamostat, abin da makanikai da yawa a ƙasashenmu ke yi da sunan wai na ƙasar sanyi ne. Ya sa aka sayo aka mayar. Bayaninsa shi ne injin na da zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. In ya daɗe bai kai wannan zafi ba, mai ba ya ƙonewa duka, ya wanke bangon silinda, ya gangara cikin baƙin mai, ringi su cinye da wuri. In mota na tafasa, a nemi dalilin a lagireton da ya toshe, ko fanbel da ya saki, ko famfon ruwa. Ya hana mu zuba ruwan rijiya tsura, domin gangar wannan injin da kansa duk baƙin ƙarfe ne: yana jure zafi fiye da mai kan alminiyam, amma tsatsa na cin sa ta ciki, ta bi ta toshe hanyoyin ruwa.

Ranar tafiya muka fita bayan asuba da huhunan goro da buhunan takalma. Na tsaya a kan lodi da kaina, domin Masta ya ja mana kunne cewa duk abin da ya wuce ƙa'ida, birki da taya ne za su biya. Daga Kumasi zuwa Tamale wajen kilomita 380 ne. Farkon hanyar kurmi ne, gonakin koko da ayaba dama da hagu, ka wuce Offinso, ka wuce Akomadan ta masu tumatir. A kowane tudu 207 takan nuna shekarunta. Direba ya sauko giya ta uku, wani lokaci ta biyu, manyan bas-bas suna wuce mu fuu. Na lura idonsa ya fi zama a kan allurar zafi fiye da ta gudu, kuma ba ya barin injin ya yi nishi a babbar giya.

“Yaya, haka Baba ya ce,” in ji shi. “Gara ta yi kuka a ƙaramar giya da ta shaƙe a babba.”

Techiman mun same ta a cike, doya tuli-tuli kamar an gina ɗakuna da ita, manyan motoci daga Burkina Faso da Nijar da Mali sun yi layi. A nan muka cika tanki a gidan mai babba da motoci ke yawan shiga, domin man da ba ya daɗewa a rijiyar gidan mai ya fi tsabta. Maganar mai ba ƙarama ba ce ga tsohon injin. Kafin 2017 dokar Gana ta yarda a sayar da dizal mai sinadarin salfa har kashi 3,000 cikin miliyan, daga baya aka rage zuwa 50. Salfa in ta ƙone ta haɗu da danshi takan zama ruwa mai cin ƙarfe a cikin baƙin mai. Wanda ke tsallaka iyakoki yana shan mai a ƙasashe daban-daban bai san abin da ake zuba masa ba, don haka dokar Masta ita ce juye duk kilomita 5,000, da sabuwar matata, da mai 15W-40 daga shagon da aka sani. Man jarka na bakin hanya kuwa, wanda akan gauraya da kananzir ko ruwa ya shiga, shi ne ke kashe nozul da famfo, domin man dizal ɗin da kansa ne ke shafe ƙananan ƙarafan da ke matsa shi.

Daga Techiman kurmi ya fara buɗewa. Kafin Kintampo itatuwa sun gajarce, sama ta faɗaɗa, iska ta fara kama da ta gida. Kintampo ana ce mata tsakiyar Gana, kuma garin kakanninmu ne a fatauci. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, Salaga ta fara ja baya, cinikin goro ya karkato nan, ayarin Hausawa da jakunansu suka riƙa sauke kaya a zangon Kintampo. Har yau in ka zauna shan koko da ƙosai a bakin tasha, Hausa za ka ji ana ciniki da ita.

Ba mu yi nisa da garin ba motar ta fara shaƙewa. In an taka sai ta ja kamar mai jin barci, ta saki, ta sake ja. Gabana ya faɗi, na tuna goron da zafin rana ba ya yi wa daɗi, na tuna adashi. Direba ya gangara gefe ba tare da wata fargaba ba. Ya nuna mini wata 'yar ƙaramar matata ta roba mai haske a kan tiyon mai: ta cika da baƙin datti da jan gari. Dauɗar da ta shekara kwance a gindin tanki ce, cikon mai da girgizar hanya suka tayar da ita. Masta ya riga ya faɗa, ya kuma sa mun sayi uku mun ajiye. Ya cire ya sa sabuwa, ya sassauta noti a kan babbar matata, ya yi ta danna ɗan famfon hannu da ke jikin famfon mai har kumfa ta ƙare mai ya fito tsantsa, ya ɗaure. Ko minti ashirin ba mu yi ba muka hau hanya.

A Buipe, inda gada ta haye Baƙin Volta, muka tsaya cin soyayyen kifi. Nan muka tarar da wata bas sabuwar yayi, fasinjojinta sun baje a inuwa tun hantsi. Direbanta ya ce gurɓataccen mai ya sha a hanya, fitila ta kama a gabansa, injin ya ƙi tashi, yana jiran mai kwamfuta daga Tamale. Ban yi masa dariya ba, domin motarsa ta fi tamu ta fuska da yawa. Sababbin injunan suna fesa mai da matsin da ya haura ba 1,300, shi ya sa suka fi ƙarfi, suka fi tsimin mai, hayaƙinsu kuma bai kai namu cutar da ƙirjin mutane ba. Sai dai wannan matsi ba ya yafe ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi, gyaransu kuma sai mai na'ura. Tamu famfonta na ƙarfe ne zalla, in ta riga ta tashi ba ta neman wuta don ta ci gaba da aiki, kuma duk garin da ke da makanike akwai wanda ya san cikinta. Ga mai kayan da ke lalacewa, a hanyar da garuruwa ke nesa da juna, wannan ne ya rinjaye mu.

Daga Yapei, gadar Farin Volta, ƙurar hunturu ta sauko sosai. Itatuwan kaɗanya suka koma kamar inuwa a cikin hazo. A irin wannan lokaci matatar iska ce rayuwar injin, domin ƙura in ta wuce ta, ta haɗu da mai, ta zama kamar takardar goge katako a jikin ringi. Direbobi da yawa sukan cire ta su buga a taya, ko su hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta huje ba su sani ba. Namu ya ce a hunturu duk mako zai duba, in ta yi nauyi a sauya, kuɗinta bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na sauke injin ba.

Akwai maganar da dole in faɗa wa duk mai shirin bin sawunmu. A Gana sunan 207 bai tsira ba wajen haɗari, har an sha kiraye-kirayen a hana ta dogon zango da fasinja. Da yawansu motocin kaya ne aka huda musu tagogi aka jera benci, aka ɗora musu nauyin da ba a ƙera su dominsa ba. Injin yakan yi tsawon rai ya bar sauran jiki a baya, sai mai mota ya ji tana tashi bugu ɗaya kullum, ya ɗauka komai lafiya, alhali tiyon birki ya tsufa, ƙasan mota ya yi tsatsa, tayoyi kuma tun a Turai aka gama cin moriyarsu. Hanyar nan ba ta wasa: a Fabrairun 2016 da Maris na 2019 an yi manyan haɗuran bas a yankin Kintampo, kowanne ya ci rai fiye da 50. Mu kuɗin da muka kashe a birki, sababbin tayoyi da sitiyari ya fi wanda muka kashe a injin, kuma mun yi alkawari a gida cewa ba tafiyar dare.

Mun shiga Tamale da la'asar, babura sun kewaye mu ta ko'ina, mata da maza kowa da nasa. Muka sauke kaya a kasuwar Aboabo ta can, goro bai yi komai ba. Kafin mu nemi masauki ƙanin nawa ya cika tanki, ya ce tankin da ya kwana rabi yakan tara raɓa ta ciki. Sannan ya ɗauko wani ɗan littafi daga aljihun mota, ya rubuta kwanan wata, lambar kilomita, litar man da muka sha, da matatar da aka sauya. Wannan littafi shawarar yayarsa ce. Ita ce kuma ke riƙe da asusun da ake cire kason mota daga ribar kowace tafiya, kafin a raba komai, kuma ba a taɓa shi don biki ko suna.

Ga iyalan da ke tunanin haɗa kuɗi su sayi irin wannan mota, a Kumasi kuke ko Lome ko Yamai, abin da na gani ke nan: ku ga tashinta da sanyin safiya kafin ku biya, ku ware kuɗin gyara tun ranar saye, ku riƙe makanike ɗaya da ya san ta, kada kuma ku bar direba ya fita babu matatun mai, fanbel da galan ɗin ruwa a ƙarƙashin kujera. Jibi za mu juya kudu da lodin gyaɗa da man kaɗanya. A Techiman kilomita 5,000 na mai tsohon mai motar za su cika bisa lissafin Masta, can za a yi juye. Allah ya kai kowa gida lafiya.